Kafaɗar da Na Kai Paraku

Tun da na dawo daga Paraku ban huta da tambaya ba. In na sauko bakin kwata a tare ni, in na fito daga masallaci a tare ni. Har Sumana mai gyaran injin jirgi, wanda ko gaisuwa ba ya ƙarasawa, ya ajiye aikinsa ya ce mini, wai da gaske ne akwai injin da ke dukan mutum ya warke? Na gaji da amsa guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa guntun ya ƙara masa gishiri. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya nake roƙo, maganar ta tsaya a wannan gaɓar tamu, kada wani mai sakin baki ya haye da ita ƙetare.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nuhu, kuma birgi nake jefawa a kogin nan na Gaya tun gemu bai fito mini ba. Birgi koma ce ta jifa, duk aikinta daga kafaɗa yake fitowa. In kafaɗa ta ƙi, ba ka da sana'a, ko da ka fi kowa sanin inda kifi ke taruwa. Tawa ta dama ta fara ƙi shekara biyu da suka wuce. Da farko tsami ne da safe, daga baya in na ɗaga hannu sai in ji kamar an soka mini ƙusa. Har ta kai in zan yi kabbarar salla hannuna ba ya wuce ƙirji. Man zafi, ƙwayoyin masu tebur, tofi, gashi da ganye, babu wanda ban gwada ba.

Mai birgi ba ya fita shi kaɗai, sai da mai riƙe masa jirgi. Nawa Bube ne, mun fi shekara ashirin tare, ya san lokacin da zan jefa tun ban motsa ba. Ya jira ni shekara biyu yana lallaɓa ƙugiya, abin da ba ya cika tukunya. Wata rana muna zaune ya ce mini, "Nuhu, zan jira har ruwa ya janye bana. In ka iya jifa, muna tare. In ba haka ba, ka yafe mini, yarana ba su san haƙuri ba." Ban ji haushinsa ba. Da ni ne da ban kai haka ba.

Likitan da ya duba ni a nan Gaya ya sa aka yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, ya ɗaga hoton ya nuna mini wani ɗan fari a saman ƙashin. Ya ce wani abu ne mai kama da alli ya taru a jijiyar, ita kuma jijiyar ta gaji ta daina gyara kanta. Ya ce akwai injin da ke aika bugu ta cikin fata har ya tashe ta, ba yanka, ba allura, zama biyar, mako-mako. Akwai shi a Yamai, akwai shi a Paraku. Da na gaya wa matata Hamsatu, ko tunani ba ta tsaya yi ba. "Paraku mana, Malam. Ga Kawu a can, gida ne." Kawun nata shi ne Alhaji Idi, wan mahaifiyarta, tsohon dillalin shanu, kuma shi ya ba ni aurenta. Ni dai raina bai so ba. Wata guda a gidan suruki ba ƙaramin abu ba ne, amma a Yamai ba ni da ko inda zan shimfiɗa tabarma.

Kun san gada a rufe take, don haka ta ruwa na bi kamar kowa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da na san kowane dutse a kogin nan, ga ni zaune tsakanin buhunan albasa da matan kasuwa, na rungume hoton radiyo kada ya jiƙe. Masu fito suka same ni abin wasa. "A matsa, a matsa, yau sarkin ruwa ne fasinja." Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A tsakiyar ruwa wani babban jirgi ya wuce mu, igiyarsa ta watso, ta jiƙa rabin buhun shinkafar da Hamsatu ta haɗa wa kawunta. Na ga igiyar tana zuwa, na san yadda ake karkata mata, amma ba jirgina ba ne.

A gefen Malanbil aka duba takardu. Wani ma'aikaci ya tambaye ni abin da ke cikin babban ambulan, na buɗe masa. Ya ɗaga hoton ya kara da rana, ya daɗe yana kallo kamar ya san karatunsa. Sai ya ce mini cikin yarenmu na bakin kogi, Dandanci mai karyewa, tsohuwarsa ma diddige ya hana ta taka ƙasa, in injin ya yi mini aiki in biyo in gaya masa. Na ce to. Ya ninke mini takardata da hannu biyu ya miƙo.

Motar Paraku ƙarama ce, an yi ta don mutum biyar, mu tara muka shiga, ban da kaji. Aka matse ni jikin ƙofa ta gefen kafaɗar, kowane rami sai na ji shi har cikin haƙori. Wata dattijuwa Babarba da ke kusa da ni ta lura ina cije baki, ta yi wa direba magana da yarensu, aka tsaya aka sauya mana wuri. Ba mu da harshe ɗaya da ita, amma har Paraku tana tare mini kafaɗar da ƙullin kayanta duk sa'ad da mota ta karkata. Shingaye kuwa ba a magana, a sauka, a nuna kati, a hau.

Mun wuce Kandi da kaɗan taya ta fashe. Jak ɗin direba ya ƙi tashi, ya ce maza su zo a ɗaga motar da hannu ya cusa dutse. Maza suka tuɓe riguna suka kama. Ni na tsaya a gefen hanya cikin mata, manyan motocin auduga suna wucewa suna girgiza ƙasa. Wani mai jar hula ya ɗago kai ya dube ni, ya ce da Hausa don in ji, "Wasu dai girman jiki ne kawai." Ni da nake jan birgi cike da kifi ni kaɗai. Na kau da kai.

Rana ta kusa faɗuwa muka shiga Paraku. Masu kabu-kabunsu, waɗanda suke kira zemijan, ba sa ɗaukarka sai ka kifa kaske, wato hular kwano, a kai, nawa kuwa warin gumin mutum ɗari yake yi. Ɗayansu ya kai ni Zango, har ƙofar gidan Alhaji Idi.

Alhaji dogon tsoho ne, siriri, muryarsa ta fi jikinsa. Tun daga nesa na cire takalma, na durƙusa, na kafa ido a ƙasa. Bai kira sunana ba, ni ma ban isa in kira nasa ba. Shi ya ce "mijin Hamsatu", ni na ce "Baba", haka muka zauna har na bar gidan. Ya sa aka share mini ɗakin da ke jikin zaure, bango ɗaya da nasa. Da ya ga shinkafar da ta jiƙe bai nuna komai ba, ya sa aka shanya, ya yi ta sa albarka kamar na kawo masa sa. Ku riƙe wannan, domin kada wani ya ji ƙarshen labarin ya zagi mutumin. Ban taɓa sauka a hannun mai karamci irinsa ba.

Abinci kullum sakwara ce, safe da dare, da miyar gyaɗa da wani cukun Fulani mai jan baya da suke ce wa wagashi. Kwana uku na farko na ji daɗinta, daga baya cikina ya fara neman tuwo da fura. Ranar da suka so su girmama ni suka sayo kifin teku na ƙanƙara. Kai, wannan kifin an ci zalinsa. Ya mutu ya daɗe, ba ƙamshi, ba mai, in ka taɓa shi sai ya watse. Na cinye tas na yi godiya. A zaure ake kawo mini ni kaɗai, domin ba zan iya kai loma baki Alhaji yana gani ba.

Garin kansa ya ba ni mamaki. Mata ne ke tuƙa moto, goyo a baya, kwando a kai, ba wanda ya waiwaya. Barbawa in za su gaisa sai su rusuna su duka biyu, su yi ta amsa wa juna da ɗan gunaguni har sai ka ɗauka ba za su miƙe ba. Mu da muke ganin mun iya gaisuwa, sun fi mu nisa. Dandanci kuma ana jinsa a ko'ina, sai dai nasu ya lanƙwashe, in na yi nawa sai su yi murmushi su ce, "Mutumin kogi ne."

Asibitin na wani mai zaman kansa ne, can bayan kasuwa. Na zata wani tsohon likita zan tarar, sai ga yarinya sa'ar ɗiyata ta fari, da farar riga. Ita ce kine, wato mai gashin ƙashi, kowa Madam yake ce mata. Ƴar Jugu ce, Dandancinta ya fi na kowa fita. Ta duba hoton, ta ɗaga hannuna nan, ta juya shi can, ta danna da yatsa har ta sami wurin da na kusa tashi tsaye. Ta tambaye ni ko an taɓa yi mini allura a cikin gaɓar, ko ina shan maganin tsinka jini. Na ce a'a.

Sai ta ja kujera ta zauna ta fuskance ni. "Baba, ka saurare ni da kyau. Ba kowa ne yake warkewa da wannan ba, amma irin naka da yawa suna samun sauƙi. Bayan kowane zama ciwon zai iya ƙaruwa kwana biyu ko uku. Wannan ba lalacewa ba ce, jijiyar ce aka tasa. Kada ka sha ƙwayar kashe kumburi, kada ka ɗauki kaya, kada ka bari kowa ya taɓa wurin. Fatar nan ita ce ƙofata. In ta samu rauni, ba ni da ta inda zan shiga." Na ce na ji. Ta sa na maimaita, na maimaita.

Ga amsarka, Sumana. Injin akwati ne a kan ƙafafu masu taya, da igiya, a bakin igiyar akwai wani abu kamar guntuwar taɓarya. Ta shafa mini wani mai mai sanyi, ta ɗora bakin abin, ta taka. Tak-tak-tak-tak, da sauri, ba tsayawa. Ba wutar lantarki ba ce ke jan mutum, duka ne, amma ba a fata kake jinsa ba, can cikin ƙashi. Da ta kai kan wurin sai da gumi ya karyo mini. Ta ce in zafin ya wuce hankali in faɗa, ta rage. Duka-duka bai kai lokacin shan shayi ɗaya ba, ta goge man ta ce in dawo mako mai zuwa.

Kwana biyu kafaɗar ta yi tsami, kamar yadda ta ce. A rana ta huɗu na tsaya sallar azahar a masallacin Zango, liman ya yi kabbara, na ɗaga hannu, sai na ji babban yatsana ya taɓa kunne. Shekara guda rabona da haka. Na rasa abin da aka karanta a raka'ar nan, Allah ya yafe mini. Ina fitowa na kira Hamsatu, na ce ta gaya wa Bube ya duba jirgi, in akwai inda yake yoyo ya toshe.

Zama na biyu ta ƙara wa injin ƙarfi, ta kuma gaya mini ta ƙara. Wannan karon ciwon bai zo da wasa ba. Kafaɗar ta ɗauki zafi, ta riƙa bugawa, in na kwanta ba daɗi, in na zauna ba daɗi. Na san abin da Madam ta faɗa, ban tsorata ba. Amma jiki ba ya neman izini kafin ya yi nishi, bango kuma ɗaya ne tsakanina da Alhaji.

Bayan kwana biyu, da hantsi, aka ce yana kirana. Na fito na tarar an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, dattawa uku abokansa suna zaune, ga wani mutum tsugune yana kwance zabira. Da na ga ƙahonni jere a kan tsumma, na gane wanzami ne.

"Mijin Hamsatu," in ji Alhaji, "kwana biyu ina jin ka. Na yi shiru na ga ko zai lafa, bai lafa ba. Wannan Tanko ne, wanzaminmu. Tun daga wata unguwa na sa aka ɗauko shi, ya bar masu jiransa. Injin ya tara mataccen jini a wurin, shi ke cizon ka. A cire shi ka huta."

Na durƙusa, idona a ƙasa. Na ce, "Baba, likitar ta ce..." Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"Likita ta yi nata, mu ma mu yi namu, ai ba faɗa suke ba. Ni nan an yi mini ya fi sau goma. Ka zo gidana da ciwo, in kwanta ina jin nishinka, gobe in ce wa Hamsatu me?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ka yi dacen suruki, Malam. Wani ko ruwa ba zai tambaye ka ba."

Ku da kuke saurare, na san abin da kuke cewa a ranku, don me ban buɗe baki ba. Ni ma na tambayi kaina ya fi sau dubu. Maganar tana nan a bakina, kalma biyar ce ko shida. Amma mutumin da ya ba ni mata, ya ba ni ɗaki, yake ciyar da ni, ya tara abokansa ya kira wanzami saboda ni, in dube shi a gabansu in ce wata yarinya ta fi shi sanin abin da ya dace da ni? Duk wanda ya taɓa durƙusa a gaban surukinsa ya gaya mini ta ina ake fara wannan maganar. Na ce a raina, tsaga ce ƙanana, kafin mako ta rufe. Na cire riga da kaina, ba wanda ya riƙe ni.

Tanko gwani ne a aikinsa, ban ce ba. Ya kafa ƙaho uku, ya zuƙe iska ya toshe, ya bari fata ta taso. Ya cire, ya bi da aska, ƙyas-ƙyas-ƙyas, ya mayar. Daidai inda Madam take ɗora injinta, domin nan na nuna masa da ya tambayi inda ke ciwo. Da ya zubar da jinin a kasko, baƙi, ya daskare, dattawan suka leƙa suna girgiza kai. "Ka gani ko? Da wannan a jikinka ina barci?" Ya shafe wurin da wani baƙin gari. Alhaji ya sallame shi, fuskarsa cike da farin ciki. Na yi godiya, na bi dattawan ɗaya bayan ɗaya na gode musu.

Tsagar ba ta rufe ba. Ko garin ne, ko askar, ko zafin garin da gumi, Allah ne ya sani. A kwana na uku wurin ya kumbura ya yi ja, a na biyar ya fara ruwa, riga tana mannewa. Zazzaɓi ya riƙa zuwa mini da yamma. Alhaji ya tambaye ni jiki, na ce da sauƙi, Baba.

Ranar zama na uku na daɗe a ƙofar asibitin kafin in shiga. Madam ta tare ni da fara'a, ta ce yaya hannun, na ce ya taɓa kunne. Ta yi murna. Ta ce in cire riga. Da ta gani, sai ta ajiye kwalbar man a hankali.

"Baba, wa ya yi maka wannan?"

"Surukina ne ya kira wanzami."

"Ba ka gaya masa abin da na ce ba?"

"Surukina ne, Madam."

Na zata za ta yi faɗa, da ma ta yi, da na fi jin sauƙi. Sai ta zauna ta dafe goshi. Ta ce ita ma tana da surukai, ta sani. Ta ce ba za ta iya ɗora injin a kan gyambo ba, zai tura ƙazantar ciki, in rasa abin da ya fi jifa. Sai an wanke, in sha magani, fata ta rufe ta yi ƙwari, wata guda ko fiye. Bayan haka a sake daga farko, domin zama biyun nan sun tafi a banza. Kuma ko an gama, jijiya tana son makonni kafin ta ɗauki nauyin birgi. Na ƙirga a raina, na ga kafin nan ruwa ya janye ya gama, an ci kaka an tashi.

Na ce, "Ko kaɗan-kaɗan, a gefe?"

Ta girgiza kai. "Kala suru, Baba." Wato sai haƙuri. Ita da kanta ta raka ni ɗakin da ake wanke rauni, ta tsaya har aka ɗaure.

Na koma Zango a ƙafa, ban hau zemijan ba, ina son hanyar ta yi tsawo. In zan zauna wata biyu, dole in gaya wa Alhaji dalili, dalilin kuwa shi ne ƙahonsa. In na koma wani masauki a cikin garin, na tozarta shi a gaban duk Zango. Guzurina ma ba na wata biyu ba ne. Na yi kwana biyar ina zuwa wankin rauni a ɓoye, ina rufe bandeji da babbar riga. Da zazzaɓin ya sauka na je na durƙusa na ce, "Baba, likita ta sallame ni. Ta ce sauran sai a gida."

Ya ɗaga hannu ya gode wa Allah. "Ka gani? Biyar suka ce, ga shi a biyu an gama. Jinin nan ne ya tsare komai." Na ce haka ne, Baba.

Da kansa ya raka ni tasha, tsoho da sandarsa, abin da bai kamata ya yi wa suruki ba. Ya sa aka ɗora mini doya ɗauri guda da wagashi na Hamsatu. Mota tana shirin tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Kifin farko da ka kama nawa ne. A yi bandarsa a aiko mini, in ci in san ka warke." Na ce in Allah ya yarda.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Taya ba ta fashe ba, ba wanda ya yi mini magana. A Malanbil na yi ta addu'a kada in haɗu da ma'aikacin nan mai tsohuwa, Allah ya taimake ni wani ne a wurin. Da jirgi ya fito tsakiya na ga yashi ya fara ɓullowa a gefen tsibiri, masu birgi biyu har sun fara gwada hannu.

Bube yana bakin kwata, ya toshe jirgin ya shafa masa kwalta. Ya taho da sauri yana dariya, ya miƙo hannu. Na miƙa nawa, bai wuce cibiya ba. Ya dubi hannun, ya dube ni. Ya sunkuya ya ɗauki doyar ya aza a kai, ya bi ni har gida. Bayan kwana takwas ya zo da kansa ya gaya mini ya shiga jirgin wani. Na sa masa albarka, kuma har cikin raina.

Hamsatu kuwa, daren farko da na cire riga ta ga tabon, ba ta buƙaci bayani ba. Ta san ƙaho, ta san wanda ke kiran wanzami. Ta ce, "Kawu ne?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni na tura ka." Na ce ba ita ta cire mini riga ba. Ta fita tsakar gida ta daɗe tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Da safe ta kira kawun nata a waya, ta rusuna kamar yana gabanta, ta gode masa da ɗawainiya, hawaye yana zuba muryarta ba ta rawa.

Gyambon ya warke yanzu. Madam ta ce in dawo, amma in sauka a ina? Yamai kuma sai abin da Allah ya yi. Sau ɗaya na ɗauki birgi na zagaya bayan gari inda ba kowa, na tsaya a kan yashi na gwada. Ta faɗi a gabana a dunƙule, ko buɗewa ba ta yi ba, ni kuma na durƙusa riƙe da kafaɗa har zafin ya sake ni.

Alhaji ya kira sau uku yana tambayar kifinsa. A na ukun ya ce ko mijin Hamsatu ya manta da tsoho ne. Ranar Talatar da ta wuce Hamsatu ta yafa mayafi ta sauko nan bakin kwata, wasunku sun gan ta. Ta tsaya cikin masu saye kamar baƙuwa, ta zaɓi giwan ruwa mafi girma, ta kawo gida. Ni na feɗe shi da hannun hagu, ita ta yi bandarsa. Muka naɗe shi a takarda muka ba direban Paraku.

Jiya Alhaji ya kira. Ya ce ya tara dattawan nan uku sun ci tare, sun ce ba su taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Ya ce in gaya masa gaskiya, jifa nawa na yi kafin ya shiga.

Na ce, "Ɗaya, Baba."